Mutanen da Ba Su Cin Nama

Abin da na ke so in yi muku magana a kansa yau, shi ne labarin waɗansu mutane da ke zaune a duniyan nan tare da mu, waɗanda ba su cin nama. Talauci bai hana su ba, ciwo kuma bai hana su ba. A cikinsu akwai attajirai masu kantuna da masaƙu, akwai likitoci da alƙalai, akwai manoma da leburori. Wani tun da uwarsa ta haife shi har ya yi furfura, tsoka ba ta taɓa shiga bakinsa ba. Haka ubansa, haka kakansa.

Na sani maganan nan za ta yi wa waɗansunku bambaraƙwai, domin mu a nan nama shi ne girman baƙo. In an yi suna a yanka rago, in Babbar Salla ta zo a yi layya, in baƙo ya sauka a kama kaza. Wanda aka kai wa tuwo da miya babu ko tsoka ɗaya a ciki, ya kan ce a ransa an raina shi. To, ku kwantad da hankalinku, ban zo in ce ku bar nama ba. Abin da Allah ya halatta muku ku ci, ku yi godiya. Amma ku duba, mutanen Indiya sun daɗe suna zuwa Kano da Kaduna da Ikko, waɗansu ciniki, waɗansu koyarwa, waɗansu aikin asibiti. Mutanenmu kuma suna zuwa can neman magani da neman ilmi. Wata rana ɗayansu zai zauna a kan tabarmarka. In ba ka san abin da ya ke ci da abin da ba ya ci ba, sai ka ɓad da kuɗinka, ka yanka kazarka, baƙo ya tashi da yunwa, kai kuma ka tashi da fushi, alhali kuwa ba wanda ya yi nufin ɓata wa wani.

INDA SUKA FI YAWA

Babu ƙasar da ta kai Indiya yawan waɗannan mutane. Da harshen Hindi ana ce da su shakahari, watau masu cin tsiro. Wata cibiyar bincike ta Amurka, wadda a ke kira Pew, ta tambayi manyan mutane kusan dubu 30 a Indiya, ta buga abin da ta samo a shekarar 2021. Cikin kowane mutum 100, mutum 39 suka ce su ba su cin nama. Cikin mabiya addinin Hindu 44 ne, cikin mabiya addinin Jain 92, cikin Musulmin ƙasar 8. Tun da ya ke mutanen Indiya sun haura miliyan 1,400, kun ga marasa cin nama a can sun fi mutanen Nijeriya duka yawa.

Amma ku lura da ɗaya gefen lissafin. Fiye da rabin mutanen Indiya suna cin nama ko kifi. A jihohin Gujarat da Rajastan marasa ci ne suka yi yawa, amma a Kerala da Bengal, inda ruwa ya ke, kifi ne mahaɗin shinkafa. Saboda haka kada ka ga Ba'indiye ka yanke masa hukunci. Ka tambaye shi, matambayi ba ya ɓata.

Mene ne dalilinsu? Suna da wata kalma, ahimsa, ma'anarta kada a cuci wani abu mai rai. Sun gaskata rai ya kan bar jiki ya koma cikin wani jikin, ko na mutum ko na dabba, don haka su ke ganin zub da jinin dabba babban alhaki ne. Saniya kuwa suna girmama ta kamar uwa, saboda nonon da ta ke bayarwa. Ko masu cin akuya da kaza a cikin mabiya Hindu, galibinsu ba su taɓa naman shanu.

Wannan al'amari tsoho ne ƙwarai. Mahabira, babban malamin mutanen Jain, ya yi zamaninsa wajen shekara 2,500 da suka wuce. Bayansa an yi wani babban sarki a Indiya, sunansa Ashoka. Wajen shekara 260 kafin haihuwar Annabi Isa ya ci ƙasar Kalinga da yaƙi, aka kashe mutane ba iyaka, har abin ya dame shi ya yi nadama. Ya sa aka sassaƙa dokokinsa a jikin duwatsu, suna nan har yau. A cikinsu ya ba da labari cewa dā dubban dabbobi a ke yankawa kullum a madafar fada, amma ya rage su sun koma uku, ɗawisu biyu da barewa ɗaya, yana kuwa da niyyar a daina yanka ko waɗannan.

A waɗansu ƙasashe ma akwai su. A ƙasar Sham an yi wani makaho mawaƙi, Abul Ala'il Ma'arri, wanda ya rasu a 1057. Ya bar nama da nono da ƙwai da zuma don tausayin dabbobi, har malaman zamaninsa suka yi ta gardama da shi. A Ingila, a 1847, waɗansu mutane suka taru a garin Ramsgate suka kafa jam'iyyar marasa cin nama, tana nan har yanzu. Da Turanci ana ce da irinsu bejiteriyan. A 1944 kuma wani malamin koyar da sassaƙa, Donald Watson, da abokansa suka kafa wata jam'iyya ta waɗanda suka bar har nono da ƙwai, suka sa wa kansu suna bigan. Shi Watson ya shekara 95 a duniya. A Habasha kuwa, Kiristocin tsohuwar majami'ar ƙasar suna cin nama, amma ran Laraba da ran Jumma'a, da kwana 55 na babban azuminsu, ba su taɓa nama ko nono ko man shanu ko ƙwai.

KASHI NAWA NE?

Ba dukansu ne hanyarsu ɗaya ba, nan ne kuwa masu masauki su kan ruɗe. Abin da ya tara su shi ne barin duk abin da sai an kashe shi a ke ci, watau naman dabba, da na tsuntsu, da kifi, har da fara. Bayan wannan sai suka rabu kashi huɗu.

Kashi na fari suna shan nono, suna cin man shanu da cuku, amma ba su cin ƙwai. Yawancin na Indiya a nan su ke. A wurinsu ƙwai nama ne, tun da ya ke daga cikinsa ɗan tsako ke fitowa.

Kashi na biyu suna shan nono, suna kuma cin ƙwai. Yawancin na ƙasashen Turai irin waɗannan ne.

Kashi na uku su ne bigan. Duk abin da ya fito daga jikin dabba sun bar shi, ba nono, ba man shanu, ba ƙwai, ba zuma. Da yawansu ko takalmin fata ba su sawa.

Kashi na huɗu mutanen Jain ne, su ne suka fi kowa tsanani ta wata fuska. Suna shan nono, amma bayan nama da ƙwai da zuma, kamar kashi biyu cikin ukunsu ba su cin abin da a ke tonowa daga ƙarƙashin ƙasa, kamar albasa, da tafarnuwa, da dankali, da doya, da makani, da karas. Su kan ce in an tuge irin waɗannan an kashe shukar gaba ɗaya, an kuma kashe ƙananan halittun da ke zaune a jikin saiwar. Masu riƙon addinin sosai ba su cin abinci bayan faɗuwar rana, don kada ƙwaro ya faɗa ciki ba a gani ba, ruwa ma sai sun tace su ke sha.

Don a sauƙaƙa wa jama'a, hukumar Indiya ta sa doka a riƙa buga alama a jikin abincin da a ke sayarwa cikin leda ko gwangwani. In ka ga koren ɗigo a cikin murabba'i, babu nama ko kifi ko ƙwai a ciki. In alamar mai ruwan ƙasa ce, akwai. Duk wanda tafiya ta kai shi can, wannan zai amfane shi.

NAMAN DA BA A GANI

Yanzu ga inda wuyar ta ke. Tsokar da ke kwance a kan tuwo kowa ya gan ta. Amma akwai naman da ke ɓoye cikin abinci, wanda mu ba mu lissafa shi nama.

Na farko romo. In an dafa miya da nama, sa'an nan aka tsame naman aka miƙa wa baƙo miyar, ba a yi kome ba, domin ruwan naman da kitsensa sun riga sun game tukunya. Haka shinkafar da aka dafa da ruwan kaza. Na biyu busasshen kifin da a ke dakawa a zuba cikin miya don ƙanshi. Na uku man da aka soya nama ko kifi da shi, aka juya aka soya ƙosai ko doya. Na huɗu dunƙulen ɗanɗanon miya na kanti, waɗansu da garin kaza ko na kifi a ke yin su, sai a karanta takardar jikinsu. Ga kuwa wani amfanin karatun da ku ke koyo. Na biyar alawar nan mai danƙo ta kanti, da yawa da wani abu a ke ɗaure ta wanda a ke dafowa daga fata da ƙashi. Na shida ƙwan da a kan fasa cikin alala ko cikin cincin. Har ludayi da wuƙa da tukunya, a wanke su tukuna, kada a tsoma ludayin miyar nama cikin ta baƙo.

Wataƙila wani zai ce, wannan ai tsirfa ce, ɗan romo me zai yi masa? To, ka auna da kanka. Da za ka sauka wata ƙasa, a dafa miya da naman alade, a tsame naman a ba ka miyar, a ce ai babu kome a ciki, yaya za ka ji? Yadda zuciyarka za ta tashi, haka tasa ke tashi.

Bari in ba ku labarin wani wanda kuka san sunansa, watau Gandi, wanda ya ja gaban mutanen Indiya wajen neman mulkin kai. An haife shi a Gujarat a 1869. Da zai tafi London koyon aikin lauya a 1888, uwarsa ba ta yarda ba sai da ya yi mata alkawari ba zai taɓa nama da giya da mata ba. Da ya isa, ya sha yunwa ba kaɗan ba, abincinsa bai wuce burodi da kunun hatsi da dafaffen ganye marar ɗanɗano ba. Wani abokinsa mai ƙaunarsa ya yi ta lallashinsa ya ci nama, don yana tsoron sanyin Ingila zai kashe shi. Wata rana ya kai shi wani babban gidan abinci, yana tsammani kunya za ta hana shi tambaya. Da aka kawo romo, sai Gandi ya kira mai hidima don ya ji ko da nama aka yi shi. Abokin ya husata, ya ce in ba zai iya zama kamar kowa ba, ya fita ya jira a waje. Ya fita, ya kwana bai ci kome ba. Daga baya ma ya bar ƙwai, ko da ya ke Turawan da ba su cin nama suna ci, domin ya san a wurin uwarsa ƙwai nama ne, alkawari kuwa bisa ga fahimtar wadda aka yi wa shi ya ke. Kun ga abokin nan alheri ya nufa, amma bai samu kome ba sai ɓacin rai. Saboda haka in baƙo ya ce ba ya ci, kada ka matsa masa, kada kuma ka ɓoye masa abin da ke cikin tukunya.

INA SU KE SAMUN ƘARFI?

Tambayar da kowa ke yi ke nan, tambaya ce kuwa mai kyau. Shi Gandin nan, a 1930, yana da shekara 60, ya taka da ƙafa wajen mil 240 cikin kwana 24, daga Ahmadabad zuwa bakin teku, don nuna ƙin harajin gishiri. Manoman Rajastan kuma suna noma cikin rana mai zafi kamar tamu, ba su rasa ƙarfin riƙe garma ba.

Ga asirin abin. Jikin mutum kamar gida ne da a ke gini kullum ana yaɓe. Hatsi da mai su ne itacen wuta, su ke ba da ƙarfin aiki. Amma tubalin ginin wani sinadari ne da likitoci ke kira furotin, da shi a ke yin tsoka da jini da fata. Namijin da nauyinsa ya kai kilo 60 yana bukatar wajen giram 50 na furotin kowace rana. To, ga yadda ya ke a cikin giram 100 na abinci iri iri, kafin a dafa. Naman sa yana da wajen giram 20. Busasshen wake yana da wajen 23, gyaɗa 25, waken soya 36. Gero da dawa suna da wajen 10 ko 11, shinkafa 7. Garin rogo kuwa bai wuce 1 ko 2 ba. Ashe wake bai gaza nama ba. Mutumin da ya ci tuwon da aka tuƙa da garin dawa giram 300 a yini, ya haɗa da wake giram 100, wanda bai cika gwangwanin madara ba, ya sami abin da jikinsa ke nema.

Sai dai akwai wata dabara. Furotin iri iri ne a haɗe, kamar yadda gini ke son ƙasa da ruwa da ramno. Irin da ya yi ƙaranci a cikin hatsi yana da yawa a cikin wake, irin da ya yi ƙaranci a cikin wake yana da yawa a cikin hatsi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma in an gama su biyu sai su cika juna. Ba lalle sai a ƙwarya ɗaya ba, in an ci su a yini ɗaya ya isa. Kakanninmu ba su san sunan furotin ba, amma su suka haɗa koko da ƙosai, suka haɗa shinkafa da wake. Kakannin Indiyawa ma haka suka yi.

ABINCINSU DA NAMU

In ka leƙa akushin manomin Indiya, za ka yi mamakin yadda ya yi kama da naka. Akwai dalili. Masu binciken asalin tsirrai sun gano a ƙasashenmu na Sahel aka fara noman gero, wajen ƙasar Mali ta yanzu, fiye da shekara 4,000 da suka wuce, daga nan ya ƙetare teku ya isa Indiya. Dawa da wake ma daga Afirka suka je can. Zogale kuwa daga can ya zo mana.

A Rajastan da Gujarat su kan kwaɓa garin gero su gasa shi fale-fale kamar gurasa, su shafa man shanu. A Maharashtara da garin dawa su ke yi. Mahaɗinsa wata miya ce da su ke kira dal, wadda a ke yi da ɓararren wake iri iri, a dafa shi har ya narke. Suna soya kuɓewa, suna sa tsamiya a miya. A kudancin ƙasar su kan jefa 'ya'yan zogale, dogayen nan, cikin miyar wake. Suna da wani abu, wada, wanda a ke markaɗa wake a soya cikin mai, ɗan'uwan ƙosai ke nan. Suna dama garin gero da tsala, ɗan'uwan fura da nono. Suna kuma da cukun madara, paniya, wanda su ke yankawa cikin miya a madadin tsoka.

Ga ɗaya daga cikin abincinsu wanda za a iya yi da kayan kasuwarmu, sunansa kicari. Ka karanta wa uwargida. A jiƙa wake gwangwani ɗaya, a surfe shi a wanke ɓawon kamar za a yi ƙosai. A ɗora shi da ruwa kamar gwangwani tara, in ya fara laushi a zuba shinkafa gwangwani biyu, da gishiri, da ɗan garin kurkum. A bar su su dahu har su yi laushi kamar fate, in ruwa ya tsotse a ƙara. Sa'an nan a ɗora ɗan man shanu ko man gyaɗa a kasko, in ya yi zafi a jefa albasa da citta da barkono, su yi ƙanshi, a juye duka a kan shinkafar. A ci da kindirmo a gefe. Shi su ke ba yara da tsofaffi da masu jinya, don ba ya nauyi a ciki.

ABIN DA ZA KA KAI WA BAƘO

Ba sai ka koyi girkin Indiya ba. Gidanka cike ya ke da abincin da baƙon nan zai ci ya yi murna.

Da safe, a kai masa koko da ƙosai, ko kunun gyaɗa, ko waina da aka soya da man gyaɗa. Da rana, shinkafa da wake da mai da yaji, ko ɗanwake, ko alala da manja ba ƙwai ba kifi, ko dambu da zogale, ko faten tsaki da rama da gyaɗa. Kwaɗon zogale da ƙuliƙuli da tumatir da albasa abinci ne na ƙwarai. In yana shan nono, fura da nono ta wadatar. Da la'asar, a soya masa awara, wadda a ke yi da waken soya, asalinta daga ƙasar Sin, ko a dafa masa gurjiya. Da dare, tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa, ko tuwon shinkafa da miyar taushe.

Uwargida za ta ce, miya ba nama ina daɗinta? Daddawa ita ce amsa. Da kalwar ɗorawa a ke yin ta, babu abin dabba a ciki, ita ce kuwa ke ba miya irin ɗanɗanon nan da a ke nema wurin nama. Ga yadda za a yi taushe. A soya albasa cikin manja har ta yi ja, a zuba markaɗen tumatir da tattasai da attarugu, a soya har ruwan ya ƙone. A tsaida ruwa, a sa daddawa da ɗan yawa, da gishiri, da kabewa yankakkiya. In kabewa ta nuna a farfasa ta, a dama markaɗaɗɗiyar gyaɗa a zuba. Daga ƙarshe a sa alayyafo da ɗan yakuwa, a sauke kafin ganyen ya mutu. Wanda ya sha wannan ba zai tambayi tsoka ba.

In baƙon bigan ne, a bar man shanu da nono da zuma, a yi da man gyaɗa. In mutumin Jain ne, a bar albasa da tafarnuwa da duk abin tono, a tambaye shi ko yana cin daddawa, a kuma kai masa abincin dare tun rana ba ta faɗi ba.

ABIN DA TSIRO BA YA BAYARWA

Gaskiya ba ta cika sai an faɗi ɗaya gefen. Akwai wani sinadari, bitamin B12, wanda aka fara tace shi a 1948. Jiki na bukatarsa don yin jini da kiyaye jijiyoyi. Ana samunsa a nama da kifi da ƙwai da nono, amma hatsi da wake da ganye ba su ba da shi. Mai shan nono kullum ko mai cin ƙwai ya kan sami rabonsa. Amma wanda ya bar su duka, dole ya sha ƙwayar wannan bitamin, ko ya ci abincin da aka ƙara masa shi. Mugun abin shi ne, hanta ta kan ajiye shi har shekaru, saboda haka mutum ba ya ganin illa da wuri. Sai daga baya jini ya ragu, kasala ta kama shi, hannu da ƙafa su riƙa mutuwa, mantuwa ta yi yawa. Mace mai ciki ko mai goyo in ta rasa shi, jaririnta ne zai fi cutuwa. Shi kansa Gandi ya bar nonon saniya shekaru, amma da ciwo ya kwantad da shi a 1918, sai da ya koma shan nonon akuya ya farfaɗo.

Akwai kuma sinadarin ƙarfe, wanda ke sa jini ya yi ja. Wake da ganye suna da shi, amma jiki ba ya jan na tsiro da sauƙi kamar na nama. Maganin wannan mai arha ne. A matsa lemon tsami a kan wake ko kwaɗo, ko a ci tumatir ɗanye ko gwaiba tare da abinci, sai jiki ya ja ƙarfen sosai. Shayi kuwa yana tare shi, gara a jinkirta shan shayi sai bayan an ci abinci da kamar sa'a guda.

Wannan magana ba ta baƙo kaɗai ba ce. Gidaje nawa ne a garin nan da su kan yi mako, har wata, nama bai shiga tukunyarsu ba? Maigida ya kan ji kunya, ya ga kamar ya gaza. To, ga mutane miliyoyi can, masu arziki da marasa shi, sun rayu kaka da kakanni ba nama, sun haifi 'ya'ya masu lafiya. Abin tsoro shi ne a cika cikin yaro da garin rogo ko farar shinkafa kullum, ba wake, ba gyaɗa, ba ganye, ba nono. Irin wannan yaro shi ne za ka ga ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja, ba ya girma. In kuɗin cefane bai kai na nama ba, ka sayi mudun wake, da gyaɗa, da daddawa, ka dasa zogale a bayan ɗaki, ka riƙa saya wa yara nono ko ƙwai gwargwadon hali. Ranar da Allah ya hore nama, a ci a yi murna.

In kuwa baƙo marar cin nama ya sauka gidanka, ka tambaye shi abu uku tun kafin a hura wuta: yana shan nono, yana cin ƙwai, yana cin albasa? Sa'an nan ka shiga ka gaya wa uwargida, a wanke tukunya, a bar kazar nan ta ci gaba da kiwonta.

Nan zan tsaya. Allah ya ba mu lafiya da abin da za mu ci, ya kuma ba mu abin da za mu ba baƙo, amin.